Taronmu na Mako Ya Zama Taron Tsintsiya Ba Shara

Assalamu alaikum Anti. Ina neman shawara a kan wani abu da ke hana ni sukuni a wurin aiki. Kwanan baya aka ƙara mini girma, aka ba ni shugabancin sashenmu, mu 11 ne har da ni. Na tarar da wani taro da ake yi duk ranar Litinin da safe, wai na awa ɗaya ne, amma da wuya mu tashi bai kai awa biyu ba. Kowa zai faɗi abin da ya yi a makon da ya wuce, sai in yi bayani, in tambaya ko akwai mai magana, sai a yi tsit. Rabin mutanen kansu na ƙasa suna latsa waya. Mutum biyu ne kawai ke magana, ɗayansu dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya kuma riga ni fara aiki a wurin. Idan ya karɓi magana ba ya saki, ni kuma ina jin nauyin katse shi. Abin da ya fi ci mini rai, bayan an tashi sai in ji ana ƙananan maganganu a kan abin da aka amince da shi a gabana ba wanda ya ce uffan. Mako ya zagayo a tarar ba a yi komai ba, kowa ya ce bai san shi aka ɗora wa ba. Na fara tunanin ko raina ni suka yi. Ina so in hana shiga da waya, in kuma riƙa kiran sunan kowa dole sai ya yi magana. Me kike gani?

Daga wata sabuwar shugabar sashe.

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ina taya ki murna, Allah Ya taya ki riƙo.

Bari in fara sauke miki abin da ya fi nauyi a ranki. Na karanta wasiƙarki ban ga raini a ciki ba. Mai raini a fuska yake nuna shi. Wanda ya yi shiru a gabanki ya fita ya yi gunaguni, yana da abin faɗa, aunawa ya yi ya ga faɗarsa a cikin ɗakin ba za ta tsinana masa komai ba, wataƙila ma ta jawo masa baƙin jini wurin sabuwar oga. Saboda haka waɗannan ƙananan maganganu da ke ƙona miki rai, ni daɗi suka yi mini. Mutanenki suna tunani a kan aikin, sun damu da shi har suna ɓata bakinsu a kansa. Taron na gaskiya ana yin sa, amma a bakin ƙofa ake yi bayan kin tashi. Aikinki ki dawo da shi cikin ɗaki.

Maganar hana waya da kiran suna, ki ajiye ta tukuna. Ki zauna a kujerar ɗaya daga cikinsu ki duba yadda Litinin ɗinsa take. Zai yi magana ta minti 5, maganar da ke yake yi wa, ba abokan aikinsa ba. Daga nan ya zauna yana sauraron mutum tara suna ba ki rahoton abin da mafi yawansa bai shafe shi ba, sannan ya saurari bayaninki. Wa zai ga laifinsa in ya ciro waya? In kika ƙwace wayar, zai zuba wa bango ido ne, kin ƙara masa haushinki a kan gajiyar da yake ji. Ki kuma yi lissafi: mutum 11 sau awa 2, awa 22 ke nan duk mako, kusan kwana uku na aikin mutum ɗaya. Da wani zai zo ya ce ki ba ma'aikacinki hutun kwana uku kowane mako, sai kin tambaye shi dalili. Taron ma ya kamata a tambaye shi.

Don haka abu na farko da za ki soke shi ne zagayen rahoto. Kowa ya rubuto nasa kafin a tashi aiki a ranar ƙarshe ta mako, layi uku ko huɗu a imel ko a zauren da kuke aika saƙo: abin da ya gama, abin da zai kama, da inda ya maƙale. Abin da ya maƙale shi kaɗai ke da hurumin shigowa taro, domin shi ne ke buƙatar kan mutane da yawa. Sanarwa ma haka, a rubuta ta. Kada ki ji tsoron taɓa taron don kin tarar da shi. Taron da ake maimaitawa duk mako yakan daɗe bayan dalilin kafa shi ya mutu, ba wanda ke tuna wa ya fara shi. A watan Janairun 2023 kamfanin Shopify na Kanada ya share duk wani taro mai maimaituwa da ya haura mutum biyu daga jadawalin ma'aikatansa, ya kuma ware ranar Laraba ba taro, don a ga wanne ne mutane za su ji rashinsa har su nemi a dawo da shi. Ban ce ki kai can ba. Sashe kamar naku yana buƙatar haɗuwa. Amma ki san cewa kina da ikon gyara shi.

Da kin cire rahoto, za ki ga abin da ya rage ɗan kaɗan ne, kuma shi ne taron. Ki rubuta shi a ajanda ki aika kwana ɗaya kafin zama, kuma ki rubuta kowane batu a matsayin tambaya. "Batun kwastomomi" ba ya gaya wa kowa abin da ake nema a wurinsa, kuma ba a san ranar gama shi ba. Amma in kika rubuta, "Cikin ƙorafe-ƙorafe uku da kwastomomi suka fi kawowa, wanne za mu fara magancewa a wannan watan, wa zai riƙe shi?" kowa zai zo da tunaninsa, kuma da an amsa an gama. In kika zauna rubuta ajanda kika rasa tambaya ko ɗaya, ki aika musu cewa wannan makon ba taro. Za ki sha mamakin irin farin jinin da hakan zai saya miki.

Ki kuma gaya musu gaskiya a kan kowace tambaya: wannan tare za mu yanke, wannan shawararku nake so amma ni zan yanke, wannan kuma an riga an yanke daga sama, yadda za mu aiwatar kawai za mu tattauna. Ba abin da ke kashe bakin ma'aikaci irin a nemi ra'ayinsa a kan abin da daga baya zai gane an gama shi tun kafin ya shigo. Sau ɗaya ake yi masa haka ya koyi darasi.

Babban batu shi za ki sa a farko, tun kawuna ba su gaji ba. Wani masanin tarihi ɗan Birtaniya, C. Northcote Parkinson, ya yi wa kwamitoci wata ba'a a 1957 wadda har yau ba ta tsufa ba. Ya kwatanta kwamitin da ya amince da kuɗin gina tashar nukiliya cikin 'yan mintoci, don ba wanda ya fahimce ta balle ya yi gardama, sannan ya shafe minti 45 yana jayayya a kan rumfar ajiye kekuna, don ita kowa ya san ta. Duk inda kika ga bakin kowa ya buɗe a kan launin takarda ko wurin ajiye firinta, ki ba mutum ɗaya ya yanke, ku wuce.

Yanzu ga inda nake so ki fi tsayawa, kuma ki yi haƙuri, maganar a kanki take. Kin ce kina yin bayani sannan ki tambaya ko akwai mai magana. A nan shirun yake haihuwa. Da zarar shugaba ya faɗi abin da yake gani, tambayar da ke gaban kowa ta sauya. Da ita ce "me ya fi dacewa?" yanzu ta koma "zan saɓa wa oga a gaban mutane?" Ita kuma "akwai mai magana?" kowa ya san kalmar rufe taro ce, mai amsa ta shi ne wanda zai hana mutane tashi.

Wannan ba halin mutanenki ba ne su kaɗai. A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa zaunar da mutum cikin wasu da aka haɗa baki da su, a nuna musu layuka a kan kati, a tambayi wanne ya yi daidai da wanne a tsawo. Amsar a fili take, ko yaro zai gani. Sai waɗanda aka haɗa baki da su su riga shi magana, dukkansu su faɗi amsar da ba daidai ba. Kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen da aka gwada sun bi ayari aƙalla sau ɗaya, suka ƙaryata idonsu. Ki lura, waɗannan baƙi ne, ba mai biyan wani albashi, ba mai rubuta wa wani rahoton ƙarin girma. To ina ga ɗakin da mai maganar farko ita ce mai sa hannu a takardar hutunka? Amma akwai ɓangaren gwajin da ya fi amfani a gare ki: da aka sa mutum ɗaya tak a cikin ayarin ya faɗi amsar gaskiya, bin ayari ya ragu ƙwarai. Mutum ba ya buƙatar rinjaye kafin ya faɗi abin da ya gani, abokin tafiya ɗaya ya ishe shi.

Saboda haka ki zama ta ƙarshe a magana. Ki karanta tambayar, ki ba da bayanan da ake buƙata ba tare da kin nuna inda kika karkata ba, sannan ki ce kowa ya ɗauki biro ya rubuta amsarsa cikin minti 3, ba magana. Da farko za su ga abin wani iri, kamar an mayar da su aji. Ki daure. Wanda ya riga ya rubuta ra'ayinsa yana da wuyar narkewa cikin na mai babbar murya, kuma mai kunya ya samu abin karantawa maimakon ya ƙago magana ido na kansa. Kamfanin Amazon tun 2004 ya daina amfani da PowerPoint, manhajar haska bayani a allo, a tarukan manyansa. Mai kawo batu yakan rubuta shi a takarda mai shafi 6, a zauna a karanta shiru kafin kowa ya buɗe baki. Ku rabin shafi ya ishe ku, amma hikimar ɗaya ce, tunani ya riga surutu.

Bayan an rubuta, ki fara da mafi ƙanƙanta a muƙami, a hau sama, ke ce ƙarshe. Wannan ya bambanta da kiran sunan da kika yi niyya. Naki tarko ne, a kama wanda hankalinsa ya tafi a kunyata shi. Wannan kuwa kowa ya san layinsa zai zo, ya kuma shirya. Wanda ya ce an riga an faɗi nasa, ki karɓa ki wuce.

Akwai dalilin da ya sa nake nacewa a kan na ƙasa. Wasu masu bincike biyu, Stasser da Titus, sun nuna a 1985 cewa idan aka tara mutane su yanke shawara, sukan ɓata lokacinsu a kan bayanin da kowa ya riga ya sani, abin da mutum ɗaya kaɗai ya sani kuma sau da yawa ba ya fitowa, ko da shi ne zai sauya hukuncin. A sashenki, wa ke riƙe da irin wannan bayani? Mai ɗaga waya in kwastoma ya kira, mai shigar da alƙaluma a kwamfuta, mai zuwa fili. Su ne suka san inda shirin zai yi tuntuɓe, su ne kuma suka fi kowa shiru. Ki riƙa tambaya kai tsaye: "Me kuka sani a kan wannan wanda ni ban sani ba?" Ko ki ce, "Mu ɗauka wata uku sun wuce, wannan shiri ya rushe. Me ya rushe shi?" Irin wannan tambaya tana ba mutum izinin faɗar aibi ba tare da ya zama ɗan adawa ba, tunda ke kika nema. In kin yi tambaya, ki rufe bakinki. Shirun zai yi miki tsawo, za ki ji kamar ki cike shi. Ki ƙirga goma a zuci. Galibi kafin ki kai wani ya yi gyaran murya.

Ranar da wani ya fara saɓa miki a fili, ki sani duk ɗakin fuskarki yake kallo. In kika ɗaure fuska, ko kika shiga kare kanki, ko kika ce "za mu yi magana daga baya" da wata irin murya, kin rufe bakinsu na wata shida. Ki gode masa, ki nemi ƙarin bayani, in yana da gaskiya ki sauya a nan take kowa na gani. In ba ki yarda ba, ki faɗi dalilinki a sarari. Mutane suna iya haƙuri da hukuncin da bai yi musu ba matuƙar sun ga an ji su. 'Yan amshi kuwa ba su taɓa hana shugaba faɗawa rami ba.

Sai dattijonki. Nauyin da kike ji abu ne mai kyau, kada ki yar da shi don wani ya ce shugabanci sai da bushewar ido. Amma kada ki gyara shi a cikin taro, can ba wurin gyaran babba ba ne. Ki same shi a ofishinsa, ke ki je, kada ki aika a kira shi. Ki ce masa, "Baba, ina neman taimakonka. Yaran nan in ka yi magana ba mai iya ɗorawa, saboda girmanka da sanin da ka yi wa aikin. Ina so su fara koyon faɗar nasu. Ka bari su gama, sannan kai ka duba mana abin da suka manta." Wannan ba daɗin baki ba ne, gaskiya ce, kuma kin ba shi aiki mai daraja maimakon ki ƙwace masa wanda yake yi. Ki riƙa neman shawararsa kafin taro a kan manyan batutuwa. Sau da yawa mai dogon bayani a taro, wurin ne kaɗai ya rage masa da ake sauraronsa. (Ki kuma sa a ranki, ko ba ki faɗa ba, mai yiwuwa ya sa ran kujerar da kike kai. In haka ne, girmamawar da za ki yi masa a keɓe ta fi komai sanyaya abin.)

A cikin taron kuma, ki bar agogo ya yi miki faɗan. Kowane batu da mintocinsa a ajanda, ki ba wani riƙon lokaci, a riƙa karɓa-karɓa duk mako. In lokaci ya cika, ba ke kika katse Baba ba, doka ce da ta hau kan kowa har ke. In kuma dole sai kin shiga, ki jira ya ja numfashi, ki ce, "Baba, in na fahimce ka, damuwarka ita ce kaza. Na rubuta. Bari mu ji ta bakin wance a kai." Wanda aka maimaita masa maganarsa daidai ya san ta isa, ba ya buƙatar sake ta.

Matsalar "ban san ni aka ɗora wa ba" ita ce mafi sauƙi. Minti 5 na ƙarshe ki keɓe su, ba a taɓa su. A karanta abin da aka yanke, kowane aiki da sunan mutum ɗaya da ranar da zai kawo shi, shi kuma ya amsa da bakinsa. Suna ɗaya nake nufi. Aikin da aka ba "mu duka" ko "ku biyu" ba shi da mai shi, kuma "za mu duba" ba matsaya ba ce. A aika wannan jeri a rubuce a ranar, ba dogon bayanin wa ya ce me ba, layuka kaɗan da za a karanta a waya. Taro na gaba da shi za a buɗe: an yi, ko ba a yi ba, me ya hana. Ki fara da ayyukan da ke kanki, in akwai wanda ba ki yi ba ki faɗa ba kwana-kwana. Kafin a rufe kowane batu kuma ki ce, "Wanda yake da ja ya faɗa yanzu, in mun fita ƙofar nan magana ɗaya za mu yi."

Tsawon zama, ki yanka shi zuwa minti 45, ki fara a kan lokaci ko mutum huɗu ne suka zo, ki tashi a kan lokaci ko ba a gama ba. Wanda ya makara kada a koma masa baya. Wani bincike a Jami'ar Missouri ta Amurka a 1999 ya gano cewa tarukan da aka yi a zaune sun fi waɗanda aka yi a tsaye tsawo da kashi 34 cikin 100, kuma shawarar da suka yanke ba ta fi kyau ba. Ban ce ki kwashe kujeru ba, ga dattijo a cikinku. Batun da ya shafi mutum uku kuma, su ukun su tsaya bayan an sallami saura.

Kada ki kawo duk wannan rana ɗaya. Litinin mai zuwa ki gaya musu a taƙaice cewa kin lura taron yana cin lokacinsu, za ki gwada wani tsari na wata ɗaya, bayan nan su gaya miki abin da za a riƙe da wanda za a zubar. Ki fara da soke rahoto, da yin magana a ƙarshe, da jerin suna da rana. Wayarki ki kife ta a kan tebur kowa na gani, kada ki ce wa kowa komai a kan tasa. Makonnin farko za a ci gaba da ɗari-ɗari, suna gwada ki ne su ga ko da gaske kike. A tsakanin nan ki riƙa samun kowa shi kaɗai na 'yan mintoci, ki tambaye shi abin da yake so ya faɗa a taro bai faɗa ba, ki roƙe shi ya kawo shi zama na gaba, ki yi masa alkawarin za ki tsaya masa.

In bayan wata biyu akwai wanda sunansa ke fitowa a jerin duk mako da "ba a yi ba", wannan ya fita daga matsalar taro. Ki kira shi ofis ku biyu, ki rufe ƙofa, ki fara da tambayarsa abin da ke hana shi.